Ƙwayar Tazarar Haihuwa da Ƙurajen Fuska: Rabin Maganar da Aka Bari

Tun daga Birnin Ƙonni har Malbaza da Illela, wata magana ta yawaita a bakin mata, a gidajen biki da wuraren kitso, cewa ƙwayar tazarar haihuwa tana share ƙurajen fuska. Har ma 'yan mata masu shirin aure, waɗanda ke fatan ranar kamu ta same su da fuska sumul, sun soma aiken ƙannensu wurin masu tallar magani a faranti don a sayo musu kati guda. Jama'a sun rabu biyu a kan mas'alar, wasu suna cewa ƙarya ce aka ƙaga don a lalata tarbiyya, wasu kuwa suna rantsuwa sun gani da idonsu. Haƙiƙa maganar tana da asali a ilimin likitanci, sai dai rabinta aka ɗauko, aka bar rabin da rai ya rataya a kansa.

Cikin hikimar Ubangiji, jikin mace ma yana ɗauke da ɗan kaɗan na sinadarin maza, wanda likitoci ke kira andirojin, kuma shi ne yake zuga ƙananan jakunkunan mai da ke ƙarƙashin fata idan balaga ta zo. In man ya yi yawa ya gauraya da matacciyar fata, sai ƙofar gashi ta toshe, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Ƙwayar da ta haɗa sinadarai biyu, istirojin da firojastin, tana sa ma'ajiyar ƙwan mace ta rage fitar da andirojin, tana kuma sa hanta ta ƙera wani abu mai ɗaure ragowar da ke yawo a jini, ta haka maiƙon fuska yake raguwa. Bisa wannan hujja hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba da Ortho Tri-Cyclen don ƙuraje a 1997, da Yaz a 2007. Amma fa'idar ba ta bayyana sai bayan kamar wata 3 ana sha kullum, wani lokaci har 6, saboda haka amaryar da ta fara saura mako biyu biki ta ɗauki hatsari ne ba tare da riba ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar wannan ƙwaya tamkar man shafawa da aka mayar na haɗiya, alhali ba ta san fuska ba, jini take shiga. Manomin rani na Ƙonni ya san bambancin mai gyara lambatun da ke bakin gonarsa da mai taɓa ƙofar ruwa a madatsar Mozage: na farko gonarsa kaɗai ya shafa, na biyu kuwa duk wanda ke shan ruwan nan, mai albasa da mai alkama, sai ya ji a jikinsa. Ita ƙwayar can madatsa take aiki. Hantar da ta umarta da ɗaure andirojin, ita ce dai take ƙara abubuwan da ke daskarar da jini, kuma gudan jini in ya tashi daga jijiyar ƙafa ya toshe huhu, yana iya kashe mace cikin sa'a guda. Hukumar magunguna ta Turai ta ƙiyasta a 2013 cewa cikin mata 10,000 marasa shan ƙwaya, kamar 2 ne ke gamuwa da wannan a shekara. Masu shan irin su Microgynon 5 zuwa 7. Masu shan irin su Yaz kuwa 9 zuwa 12. Adadin ba shi da yawa, kuma ga mafi yawan mata ƙwayar lafiya ce, amma ga mai hawan jini, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai jego a makonnin farko, ko mai shan taba da ta kai shekara 35, lissafin dabam ne. Faransa ta ga misali: a 2013 ta dakatar da Diane 35, maganin ƙuraje da aka mayar na hana ciki, bayan an danganta mutuwar mata 4 da shi cikin shekara 25, bai kuma komo ba sai 2014 bisa sharuɗɗa masu tsanani.

Sa'an nan ba kowane kati ne ke wannan aiki ba. Microlut, wadda ake ba masu shayarwa, firojastin ne zalla, haka allurar wata uku da ashanar da ake sawa a dantse, kuma waɗannan sukan ƙara wa wasu mata ƙuraje. Yarinyar da ta ce wa yayarta, "Yaya, ɗan sam mini taki in gwada," ba ta san wacce ta karɓa ba. Mai farantin da ya yini da katin a ranar bazara, zafi ya haura digiri 40, har rubutun bayansa ya koɗe, shi ma bai sani ba, kuma ba shi da abin awon jini.

Akwai kuma ƙurajen da sababinsu yana cikin kwalbar da ke gaban madubi. Da yawa daga mayukan ƙara hasken fata suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin su kulobetasol, waɗanda ke sirantar da fata su fito da ƙuraje iri ɗaya birjik a goshi da kumatu. Matuƙar ana shafa su, babu ƙwayar da za ta yi tasiri, sai ma ta ƙara baƙin tabo a kunci, gama istirojin da zafin rana sukan haɗu su jawo shi.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da magungunan tazarar haihuwa kyauta a gidajen likita, kuma wannan alheri ne babba; amma ina ganin akwai sauran aiki a wuyan hukumomin lafiya, domin budurwar da ƙuraje suka hana ta sakewa cikin tsara, in ta san za a dube ta da zargi a layin awo, lalle wurin mai faranti za ta nufa. Ya wajaba a sami ma'aikaciyar da za ta saurare ta cikin sirri da mutunci, ta auna jininta, ta tambaye ta ciwon kai da tarihin danginta, ta bincika abin da take shafawa, ta fara gwada mata maganin shafawa na ƙuraje kafin a kai ga na haɗiya. Wadda kuwa ta riga ta fara sha, in ta ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi mata wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya soke ta, to, ta bar ƙwayar, a kai ta asibitin Ƙonni ko na Galmi a wannan rana, kuma ta gaya wa likita sunan abin da take sha.