Zuciya Ma Tana Son Hutun Dare



Ke da kike kwanciya bayan kowa, ki tashi tun kafin assalatu don damun koko ko suyar ƙosai, yau da ke nake. Likitoci sun ce babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. A shekarar 2022 ma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa barci cikin abubuwa takwas masu tsare lafiyar zuciya, sahu ɗaya da abinci da motsa jiki.

Ga dalili. Idan barci ya yi nauyi, bugun zuciya yakan lafa, ƙarfin da jini ke tura jijiyoyi ya sauka da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. To in an riƙa yanke barcin, jiki sai ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana, jijiyoyi su tsuke, jinin ya ƙi sauka. Kamar jakin da ba a sauke wa kaya ne, dare da rana. Yau da gobe sai bangon jijiyar ya yi tauri, daga nan ƙofar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ta buɗe.

Na san ba aiki kaɗai ke hana mu runtsawa ba. Wadda ta ga daren da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ko ta taɓa kwana tana sauraren ƙarar babura a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, ba zan ce mata ta cire tsoro kamar ɗankwali ba. Amma 'yar uwa, ki ɗan rage bashin da ƙailula bayan azahar, ko ta rabin awa ce. Goro da shayi kuwa, a haƙura da su daga la'asar.

Sai minshari. In maigida ko abokiyar zama ta ce numfashinki yana ɗaukewa cikin barci, kada ki ɗauka tsokana ce, wannan ma yana tayar da hawan jini.

Shi kuwa hawan jini sau da yawa ba ya sallama. Ki nemi izinin maigida ki je asibiti a auna ki, musamman in kina da juna biyu.