Dabarar Riƙe Mai Karatu a Labarin Laifi

Asirin labarin laifi shi ne marubuci ya san gaskiya tun farko, amma ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. In ya yi gaggawa, ɗoki ya mutu. In ya ɓoye kowace alama, ya ha'inci mai karatu.

Babbar alama kuwa ita ce dalilin mai laifi. Dubi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda aka buga a 1982 kan fasa-ƙwauri: kwaɗayin dukiya ne ke jan mutanensa. Saboda haka ɗalibi daga Gwarzo ko Kabo ya ɗauko ɓarawonsa daga kasuwar da ya sani, ya ba shi dalili, sa'an nan ya bar sawunsa inda mai lura zai gani.