DAGA GONAR RIƊI ZUWA TEBURIN JAPAN

Idan kaka ta yi a ƙasar Guci, cikin gundumar Dungas ta jahar Damagaram, bayan an kai hatsi rumbu, sai manoma su juya kan riɗi. Su kan yanke shi, su ɗaure dami-dami, su jingina a tsaye har ya bushe, sa'an nan su kaɗe shi bisa tabarma ko tamfol. Kaɗan ne a ke ajiyewa a gida domin kantu da miya. Sauran sai a auna da tiya, a ɗura cikin buhu, a kai kasuwa. Daga ranar nan manomi ba ya sake jin labarinsa. Amma tafiyar riɗi tana da nisa, kuma wani sashe nata yana ƙarewa ne a kan teburin da mutum ɗaya ke biyan abin da ya haura jika 100 na kuɗin sefa domin abincin dare guda.

Hanyar da riɗi ke bi

Daga kasuwannin Dungas da Magarya, buhuna da yawa su kan ƙetare iyaka zuwa Maigatari ta jihar Jigawa, wadda kasuwarta ke ci ranar Alhamis. Can riɗin Nijar ke gauraya da na Najeriya. Daga nan sai Kano, inda injuna ke fitar da yashi da ƙaiƙayi, sai tashar jiragen ruwa ta Legas. Sin da Japan da Turkiyya suna cikin manyan masu saye.

Mutanen Japan suna cin riɗi ƙwarai, amma abin da su ke nomawa bai kai kashi 1 cikin 100 na bukatarsu ba. Saboda haka su kan sayo fiye da tan 150,000 kowace shekara daga waje, kuma Najeriya da Burkina Faso da Tanzaniya suna cikin ƙasashen da ke ba su mafi yawa. Mafi yawan na Afirka a kan matse shi ne a yi mai, domin kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne.

Yadda a ke cin abinci a gidajen manya

A manyan gidajen abinci na Tokiyo da Kiyoto akwai wata irin liyafa da a ke kira kaiseki. Asalinta yana komawa ga ɗan abincin da a ke ba baƙo kafin shan shayi, al'adar da wani malami mai suna Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, ya daidaita ƙa'idodinta. Akwai kuma wata kalma, omakase, ma'anarta "na bar maka zaɓi". Wanda ya faɗe ta ba ya zaɓen abin da za ya ci. Mai dafuwa ne ke duba abin da kasuwa ta kawo ran nan, ya tsara kome.

Da baƙo ya zauna sai a miƙo masa ɗan tawul mai ɗumi ya goge hannu. Ba a kawo abinci gaba ɗaya kamar yadda a ke ajiye akushin tuwo da kwanon miya. Kwano bayan kwano a ke kawowa, kamar 8 zuwa 12, kowane bai wuce loma biyu ko uku ba, kuma zaman ya kan ɗauki awa biyu ko fiye. Da tsinke biyu a ke ci.

Sau da yawa abin da a ke fara kawowa shi ne goma-dofu, wato awarar riɗi. A kan niƙe riɗi har ya yi laushi, a haɗa da ruwa da garin saiwar wani tsiro mai suna kuzu, a yi ta tuƙawa bisa wuta har ya yi kauri, a bari ya daskare, a yanka. Masu ibada a wuraren bautar Budda, waɗanda ba su cin nama, su ne su ka shahara da ita. Bayanta sai romo garai-garai cikin kwano mai murfi, wanda a ke yi da ganyen teku da busasshen kifi. Sai ɗanyen kifi, an yanka shi siriri, a tsoma cikin ruwan waken soya mai gishiri tare da wasabi, wata koriyar saiwa wadda yajinta ke hawa hanci. Sai gasasshen kifi, sai ganye da aka cuɗa da dakakken riɗi, kamar yadda a ke kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Sai tempura, wato jatan lande ko kayan lambu da aka tsoma cikin ƙullu aka soya, kuma tsofaffin gidajen Tokiyo da man riɗi su ke suyar. A ƙarshe sai shinkafa da ɗan romo, sa'an nan ƴaƴan itace.

Musulmin da ya shiga irin wannan gida wajibi ne ya yi tambaya tun kafin a fara, domin a kan zuba giyar shinkafa, wadda a ke kira sake ko mirin, cikin miya da yawa, wani lokaci kuma akwai naman alade.

Girkin da ya yi gauraye

Abincin Japan ya daɗe yana aro. Ita kanta suyar tempura daga mutanen Fotugal aka koye ta a ƙarni na 16. Ɗanyen kifin salmon bai samu shiga sosai ba sai bayan da ƴan kasuwar Nowe su ka dage da tallarsa tun daga shekarun 1980. Amma gaurayen da ya fi suna a duniya daga Peru ya fito, a Kudancin Amurka. A 1899 wani jirgin ruwa mai suna Sakura Maru ya sauke ma'aikata 790 daga Japan a ƙasar, domin aiki a gonakin rake da na auduga. Jikokinsu su ka haɗa yankan kifi irin na kakanninsu da lemun tsami da barkonon Peru.

Wani mai dafuwa, Nobu Matsuhisa, wanda aka haifa a Japan a 1949, ya yi aiki a Lima, babban birnin Peru, a shekarun 1970. A 1987 ya buɗe gidan abinci a yankin Los Anjalis, a 1994 kuma ya buɗe wani a Niyok tare da ɗan wasan silima Robert De Niro. Daga nan gidajen Nobu su ka bazu har Afirka, a Kef Tawun da Marakesh. Cikin girkinsa da aka fi sani akwai wanda ya samo asali daga ranar da aka mayar masa da farantin ɗanyen kifi, mai shi ya ce ba ya iya ci. Sai ya tafasa mai ya kwarara bisa kifin, samansa ya ɗan dahu. Yau a kan barbaɗa riɗi bisa kifin, a kwarara man zaitun da man riɗi masu zafi, a kai wa baƙo.

Ba baƙon ɗanɗano ba ne

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa, in ya natsu, za ya gane abubuwa da yawa a wannan tebur. Awara ita ce tofu ta Japan. Akwai wani abinci nasu, natto, waken soya ne da aka dafa aka rufe ya ruɓa. Yana da yauƙi kamar kuɓewa, warinsa na daddawa ne, kuma masana sun tabbatar ƙwayar halitta iri ɗaya ce ke ruɓar da shi da kalwa. Farin magin da mata ke saye a ƙulle, Ajinomoto, wani malamin jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarinsa cikin ganyen teku a 1908, aka fara sayar da shi a 1909. Abincin da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2013 tushensa kayan talaka ne: shinkafa, wake, ganye, kifi da riɗi. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne tsabta, da kula, da sanin inda kowane abu ya fito.

Abin da ya shafi manomi

A gidan manya, mai dafuwa ya kan gaya wa baƙo sunan tekun da aka kamo kifi da sunan lardin da aka noma shinkafa. Riɗin Guci kuwa, tun daga Maigatari ya rasa sunansa, ya rasa ƙasarsa. Tsakanin gona da tebur akwai dillali, da mai mota, da mai injin tsabtacewa, da mai jirgi, da mai matsar mai, kowa da rabonsa. Na wanda ya yi noma da shara da yanka shi ne mafi ƙanƙanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hanyar ma ba ta da tabbas. An rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Duk lokacin da haka ta faru, wanda ba ya da wurin ajiya kuma ba ya da wani mai saye, dole ya sayar yadda aka taya. Dattawan Magarya ba su manta da gyaɗa ba. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta, har aka gina masana'antar mai a garin Magarya, amma farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su ka durƙusar da cinikin. Dogaro ga hanya ɗaya da mai saye ɗaya hatsari ne.

Akwai kuma dokar Japan. Tun daga watan Mayu 2006, duk maganin ƙwari da ba a yanka masa iyaka ta musamman ba, in aka samu fiye da kwatankwacin giram 1 cikin tan 100 na abinci, ba a yarda a sayar da kayan. Buhu ɗaya da aka zuba wa fiya-fiya, ko aka ajiye kusa da waken da aka yi wa feshi, ya isa ya jawo a ƙi kaya masu yawa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Haka nan riɗin da aka ɗura da danshi ya kan yi funfuna, funfunar kuma tana haifar da guba wadda a ke bincike a tashar jirgi.

Maganin waɗannan yana hannun manomi da hukuma tare. A kaɗe riɗi bisa tamfol, kada ya taɓa ƙasa. A bari ya bushe sarai. A sheƙe shi da kyau, kada a ƙara yashi domin nauyi. A ɗura cikin sabon buhu wanda bai taɓa ɗaukar takin zamani ko magani ba. Fari daban, ja daban. Malaman gona kuma su riƙa kai wannan bayani ƙauye tun kafin shuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: manoman da su ka haɗa kai cikin ƙungiya, su ka tara tan 20 ko 30 mai tsabta wuri guda, su ne ke iya zama da babban ɗan kasuwa su yi ciniki ido da ido.

A nan ne waɗanda su ka yi karatun yaƙi da jahilci ke da babban aiki. Su ne za su karanta abin da aka rubuta jikin kwalbar magani, su duba sikeli ranar awo, su rubuta sunan kowane manomi da garinsu da nauyin buhunsa cikin littafi. Mai sayen da ke can nesa yana biyan tsada ne ga kayan da ya san asalinsa, kuma wannan littafin shi ne matakin farko na kai sunan Guci tare da riɗinta har inda a ke cinsa.