Ganin Gida Kafin a Haƙa Harsashi: Sana'ar 3D a Ƙasar Masara da Auduga

Da zarar kaka ta yi a kudancin Katsina, masara ta shiga buhu, tireloli suka fara lodi a kasuwar Ɗandume, sai kuɗin gona su shiga neman wurin kwanciya. A Funtuwa da Bakori da Ƙafur da Malumfashi, da yawansu bulo da siminti suke komawa. Ga waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa suna neman matsuguni, ga kuma masu hangen rumbunan ajiya da shagunan da tashar tsandauri ta Funtuwa, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2024, za ta janyo. A da, mai gida da magini ne za su tsaya a fili a shata ɗakuna da ƙafa. Yanzu mai gida so yake ya ga gidan a wayarsa, da fenti da ƙofa har da mota a fake, tun ba a sauke tifar yashi ba. "A yi mini 3D," in ji shi.

Yana da gaskiyarsa. Manomin da zai kalli gona ya faɗa maka buhu nawa za ta bayar, in ka miƙa masa zanen akitek mai layuka da lambobi, sai ya juya takardar ya ce to. Hoto kuwa gani ne, ya kori ji. Uwargida ma tana iya cewa kicin ya yi nisa da rijiya tun gyaran bai ci ko sisi ba.

Mai sana'ar yakan fara tayar da ginin cikin manhaja irin su SketchUp ko Revit, ya lulluɓe bango da fenti, daɓe da tayil, rufi da kwano, ya dasa rana a inda yake so, sannan ya bar kwamfuta ta yi renda. A nan ne nauyin yake. Kowane ɗigo na hoton, sai na'urar ta bi sawun haske daga ido zuwa bango, daga bango zuwa gilashi, har zuwa rana, ta lissafa launin da zai fito. Lokacin da Turner Whitted ya bayyana wannan dabara a Amurka a 1980, ƙaramin hoto ɗaya ya ci fiye da awa guda. Tun da kamfanin NVIDIA ya fito da katunan sarrafa hoto na RTX a 2018, ana iya yawo cikin gidan da ba a gina ba, inuwa na sauyawa nan take.

Sai dai katin wuta yake sha. RTX 3060, wanda masu farawa ke so saboda ma'ajiyarsa mai gigabait 12, yana jan wat 170 shi kaɗai; babban yayansa RTX 4090 kuwa wat 450. Wanda ke zaune a Funtuwa dole ya haɗa lissafin wutar KEDCO da na inbata da batir da faifan sola kafin ya yi zancen kati, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar bidiyo asarar yini ce. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Afrilu yana sa na'urar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Kuɗin kuma da dala ake aunawa: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Shi ya sa kwamfutar gwanjo daga titin Beirut a Kano ko Ikeja a Legas ta zama jarin mafi yawan masu koyo.

Ta fuskar manhaja an samu sauƙi. V-Ray na kamfanin Chaos da aka kafa a Bulgeriya da Lumion na Holan kuɗin haya ake biya musu. Amma Blender kyauta ne tun 2002, kuma tun 2024 Twinmotion ma kyauta ne ga wanda cinikinsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. Uzurin amfani da manhajar sata, mai zuwa da ƙwayar cutar da ke cinye aikin wata guda, ya ragu ƙwarai.

Abin da ya fi damuna shi ne irin gidan da hotunan ke sayarwa. Waɗannan manhajoji suna zuwa da rumbunsu na itatuwa da ciyawa da mutane da sararin sama, kusan duk na Turai ko Sin. Yaro ya ɗauko ya jera, sai ka ga gidan da za a gina a hanyar Ɗanja yana zaune cikin koriyar ciyawa, da taga mai faɗin bango tana kallon yamma, babu tankin ruwa, babu ɗakin janareta, babu inda za a jibge buhu ɗari. Alhaji ya gani ya ce haka nake so. Watan Maris na zuwa, falon ya gagari zama daga azahar zuwa magariba.

Alhali manhajar da ta yi wannan ruɗin ita ce za ta iya hana shi. Funtuwa tana kan kusan digiri 11 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Rana tana tsayawa tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta. Tsakanin nan ta arewa take bi, sauran shekara ta kudu. In aka shigar da wurin da kwanan wata daidai, cikin minti kaɗan za a ga wane bango ne ke gasuwa da la'asar, da tsawon baranda da zai kare shi. Haka batun ruwa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, damina a nan kuma ta fi ta Katsina da Daura nauyi. Rufin nan da ake yayi, wanda ake ɓoye kwano a bayan katanga, yana da kyau a hoto, amma duk ruwan a kwata ɗaya yake taruwa. Ganye ya toshe ta, silin ya sha. Ban taɓa ganin an yi renda ranar da ake ruwa don a nuna wa mai gida wannan ba, kuma yin hakan ba wuya.

Zaure ma yana ɓacewa daga hotunan, saboda samfurin da aka kwafo bai san baƙon da ake tara a waje ba. Maginan da suka gabata sun san ƙasarsu. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da tubali da azara. A zamaninmu ma, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Aikin ya ci kyautar zinare ta LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, tun kafin a kammala shi a 2018. Ke nan a zane da hoto alƙalan suka ga jar ƙasa ta burge su.

Hoto dai ba ya ɗaukar dakin. Bai faɗi kaurin rodi ba, bai san zurfin harsashi a ƙasar fadama ba. Doka ta 10 ta 1969 ta kafa hukumar ARCON mai rajistar akitek, COREN kuma ke kula da injiniyoyi. Bene da aka miƙa wa birkila hotonsa kawai aka ce ya kwaikwaya, kasada ce da rayuka.

Ga matashin da ke son shiga, hanya ba ta da nisa: sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, mafi daɗewa a ƙasar nan, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce daga Funtuwa. Wanda bai samu gurbi ba yana iya koyo a ƙarƙashin mai rajista, ya riƙa yi wa ofisoshin Kaduna da Abuja aiki ta intanet yana gida. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun riga sun karya farashin hoto mai ƙyalli da ba ya bin awo. Wanda ke bin awo, aka kuma yi shi da kayan wurin, har yanzu mutum yake nema. Zanko, makuba, azara, launin bulon da ya sha ƙurar Janairu: da wuya ka same su a rumbunan da ake sayar da irin waɗannan samfura da dala, kuma wayar hannu da Blender sun isa a fara haɗa su daga tsofaffin unguwannin Malumfashi da Maska.