Abin da ya sa masana'antu ke barin kwal suna komawa ga dunƙulen makamashin tsirrai

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da ingancin iska ta yankin babban birnin Indiya ta haramta wa masana'antun Delhi da garuruwan da ke kewaye da ita ƙona kwal. Masu rini, masu saƙa da masu sarrafa abinci da ke dafa tururi da kwal sai suka nemi wani makamashin. Wasu sun koma iskar gas, wasu kuma suka rungumi dunƙulen da ake curawa daga ragowar amfanin gona da garin katako.

Irin wannan sauyi yana faruwa a ƙasashe da dama, kuma ya fara taɓa Nijeriya ta hanyar kamfanonin siminti. Sai dai ribarsa ga masana'anta da muhalli ta dogara ne kan abin da aka cura dunƙulen da shi, da kuma nisan wurin da aka ɗauko shi.

Yadda ake yin dunƙulen

Ana tattara garin katako, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, tuƙar rake ko karan hatsi, a busar da su, a niƙa su. Daga nan inji yake matse garin ta cikin ƙananan ramukan ƙarfe, ya fito a mulmule kamar abincin kifi na kanti, kaurinsa milimita 6 zuwa 8. Zafin matsewar yana narkar da wani sinadari da ke jikin tsirrai mai kama da danƙo, shi ne yake riƙe dunƙulen idan ya huce. Dunƙule mai kyau ba ya ɗauke da laimar da ta wuce kashi 10 cikin 100.

Babban amfanin curawar shi ne sauƙin dako. Buntun shinkafa da zai cika mazubi mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya bai fi kilo 100 zuwa 150 ba, alhali dunƙulen da zai cika mazubin yana kai kilo 650. Ke nan motar da ta yi lodin buntu kusan iska ta ɗauko. Haka kuma, da yake girman dunƙulen ɗaya ne, na'ura tana iya zuba shi cikin wuta daidai gwargwado ba tare da leburori sun tsaya da shebur ba.

Abubuwan da ke tura masana'antu

Dalili na farko shi ne doka. Kwal yana fitar da hayaƙin farar wuta da ƙura mai laushi da ke shiga huhu, yayin da farar wutar da ke cikin itace ƙalilan ce. A Indiya an haɗa matsaloli biyu wuri guda: manoman jihohin Punjab da Haryana suna cinna wa karan shinkafa wuta a watannin Oktoba da Nuwamba domin su yi saurin shuka alkama, hayaƙin kuma ya lulluɓe Delhi. A watan Oktoban 2021 ma'aikatar lantarki ta ƙasar ta umarci tashoshin da ke aiki da kwal su riƙa gauraya shi da dunƙulen tsirrai kashi 5 cikin 100, domin karan ya zama abin sayarwa maimakon abin ƙonawa a gona.

Dalili na biyu shi ne farashi. A shekarar 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, kuɗin tan ɗaya na kwal a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 400. Kamfanonin da ke shigo da shi daga waje sun ji jiki, musamman a ƙasashen da darajar kuɗinsu ke faɗuwa.

Na uku shi ne kasuwa. Tarayyar Turai ta fara aiwatar da wani tsari a ranar 1 ga Oktoban 2023 wanda ya wajabta bayyana yawan iskar kabon da aka fitar wajen ƙera siminti, ƙarfe, alminiyam da takin zamani da ake shigar mata da su, da nufin ɗora musu haraji daga baya. Duk masana'antar da ke son sayar da kayanta a can dole ta duba makamashin da take ƙonawa.

Inda gizo ke saƙa

Tan ɗaya na dunƙule ba ya maye gurbin tan ɗaya na kwal. Zafin da dunƙulen katako ke bayarwa kimanin kashi biyu cikin uku ne na wanda kwal mai kyau ke bayarwa, don haka ana buƙatar kusan tan ɗaya da rabi kafin a samu aikin tan ɗaya. Wurin ajiyar da ake buƙata kuwa ya kusa ninki biyu.

Ana iya jibge kwal a fili, ruwan sama ya dake shi, washegari a ƙona. Dunƙule kuwa da zarar ya jiƙe sai ya kumbura ya koma gari, saboda haka sai an gina masa rumbu mai rufi. Ƙurarsa tana iya kamawa da wuta har ta fashe, kuma idan aka rufe shi a wurin da iska ba ta shiga yana fitar da iska mai guba da ke iya halaka ma'aikaci.

Akwai kuma batun toka. Dunƙulen katako zalla tokarsa kaɗan ce, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin buntun shinkafa toka ne. Karan hatsi kuma yana ɗauke da gishirin da ke narkewa a wuta ya manne a jikin bututun tukunyar tururi, ya rage mata zafi, ya kuma ci ƙarfenta. Tukunyar da aka ƙera don kwal takan buƙaci gyaran wurin zuba makamashi da na kwashe toka, wani lokaci ma sai an sayi sabuwa.

Masana'antar siminti ta fi sauran sauƙi a nan. Tanderunta yana dafa dutse a zafin da ya kai digiri 1,450, tokar kuma tana shigewa cikin simintin. Sai dai fiye da rabin iskar kabon da siminti ke fitarwa daga jikin farar ƙasar da ake gasawa take fitowa, don haka sauya makamashi ɓangare ɗaya kawai na matsalar yake magancewa.

Muhawarar muhalli

Idan aka auna a bakin bututun hayaƙi, itace yana fitar da iskar kabon da ta kai ta kwal, wani lokaci har ta fi. Hujjar masu goyon bayansa ita ce tsiron da zai sake fitowa zai zuƙe wannan iskar. Ga karan gona da buntu, wannan yana faruwa cikin damina ɗaya. Ga bishiyar daji kuwa, sai an shekara gommai kafin wata ta girma ta biya bashin.

Tashar lantarki ta Drax da ke arewacin Ingila ita ce misalin da aka fi kawowa. Ta mayar da huɗu daga cikin injinanta shida zuwa ƙona dunƙulen katako tsakanin 2013 da 2018, ta kuma rufe ɓangaren kwal a 2023. Tana ƙona miliyoyin tan a kowace shekara, mafi yawansu ana kawo su ta jiragen ruwa daga Amurka da Kanada. A 2022 wani binciken BBC ya zargi kamfanin da sare tsofaffin dazuzzuka a Kanada, zargin da kamfanin ya musanta. A watan Agustan 2024 kamfanin ya amince ya biya fam miliyan 25 bayan hukumar kula da makamashi ta Birtaniya ta gano kurakurai a bayanan da ya bayar kan asalin katakon.

Halin da ake ciki a Nijeriya

An gano kwal a yankin Enugu tun 1909, amma a yau yawancin masana'antun ƙasar da gas, gas-oil da baƙin mai suke aiki. Manyan masu ƙona kwal su ne kamfanonin siminti. Kamfanin Ashaka da ke Jihar Gombe yana samun nasa daga mahaƙar Maiganga. Kamfanonin Dangote da Lafarge kuma sun bayyana a rahotanninsu na shekara-shekara cewa suna ƙona ɓawon kwakwar manja, garin katako da sauran ragowar amfanin gona domin rage dogaro da makamashin da ake haƙowa.

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa Nijeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take zuƙewa nan da shekarar 2060, kuma a wannan shekarar ya sanya hannu kan dokar sauyin yanayi.

Kayan haɗin suna nan. Kowane buhu biyar na shinkafa shanshera yana barin buntun da ya kai nauyin buhu ɗaya, kuma injinan casa sun yawaita a Kano, Kebbi, Jigawa da Ebonyi. A kudu maso yamma kuma akwai tulin garin katako a wuraren yankan itace, wanda sau da yawa wuta ake cinna masa.

Amma ba kowane abu ne shara ba. Karan dawa da na gero abincin shanu ne a lokacin rani, da su ake yin danni da girki, wanda ya ruɓe a gona kuma taki ne. Harawa ma kuɗi ce a kasuwa. Idan masana'antu suka shiga sayen kara da yawa, makiyayi da ƙaramin manomi ne za su fara jin tsadar. Injin curawa shi ma yana shan lantarki sosai, kuma idan da janareto zai yi aiki, ribar tana iya ƙarewa a kuɗin mai.

Saboda haka sauyin ya fi yiwuwa ga masana'antar da ke kusa da injin casa ko wurin yankan katako, wadda ta ƙulla yarjejeniyar samun kaya rani da damina, ta kuma tanadi rumbun da ruwa ba ya shiga. Gidajen burodi da masu turara shinkafa da ke ƙona itace a kullum su ma suna cikin waɗanda dunƙulen buntu zai iya rage wa kashe kuɗi, tare da rage yawan bishiyoyin da ake sarewa domin su.