Fim ɗin Mother na Koriya: abin da ya kamata ku sani

Mutane da dama sun fara jin sunan Bong Joon-ho ne a 2020, lokacin da fim ɗinsa Parasite ya kwashe kyautukan Oscar har huɗu. Amma tun a 2009 wannan darakta ɗan Koriya ta Kudu ya fitar da Mother, wanda aka fara haskawa a bikin finafinai na Cannes a Faransa. A ganina ya fi Parasite ɗaci.

Labarin wata dattijuwa ce a wani ƙaramin gari, wadda ko sunanta ba a faɗa ba a fim ɗin. Tana sayar da saiwoyi da sassaƙe, kuma a ɓoye tana yi wa mutane maganin nan na caka siraran allurai a jiki, ba tare da lasisi ba. Ɗa ɗaya tilo gare ta, Do-joon, saurayi ne amma basirarsa ta yaro ce. Wata safiya aka wayi gari da gawar wata ɗaliba, Ah-jung, rataye a bakin rufin wani gida, inda kowa a unguwar zai hango ta. 'Yan sanda suka tsinci ƙwallon golf mai sunan Do-joon a wurin, suka tsare shi, suka lallaɓa shi ya sa hannu a takardar amsa laifi. Lauyan da uwar ta ɗauka, kuɗi kawai ya sani. Sai ta ɗaura ɗamarar binciken da kanta.

Babbar dabarar fim ɗin tana wajen zaɓen jaruma. Kim Hye-ja ta shafe shekaru 22, daga 1980 zuwa 2002, tana fitowa a matsayin uwa mai haƙuri a wani wasan talabijin na rayuwar ƙauye, har 'yan Koriya suka yi mata laƙabi da uwar ƙasa. Bong ya ɗauko fuskar da mutanensa suka fi amincewa da ita da gangan, don mai kallo ya bi ta ido rufe. Kuma haka ake yi. Tana laɓe a gidan abokin ɗanta, tana ba shi kuɗi ya matsa wa wasu matasa har su yi magana, kai kuwa kana ta yi mata fatan nasara.

Wanda bai son a bayyana masa ƙarshen labari, ya tsallake wannan sakin layin. Wani tsoho ɗan jari bola ya shaida wa uwar abin da ya gani da idonsa: yarinyar ta kira Do-joon dolo, shi kuwa ya jefe ta da dutse. Uwar ce da kanta ta koya masa ya rama duk lokacin da aka zage shi da wannan kalma. Da tsohon ya miƙe zai kira 'yan sanda, ta kashe shi da sifana, ta banka wa gidansa wuta. Daga baya aka ɗora laifin a kan wani yaro mai naƙasa, Jong-pal. Ta ziyarce shi a tsare, ta tambaye shi ko yana da uwa. Ba shi da ita. Ta fashe da kuka, amma ba ta faɗi gaskiya ba.

Nan ne fim ɗin ya fi ciwo. Bambancin yaran biyu ɗaya ne tak: ɗaya na da wadda za ta yi kisa dominsa. Ita ma Ah-jung, talauci ya sa mazan garin suna saye ta da shinkafa, tana riƙe da kakarta mashayiya, kuma ba wanda ya waiwaye ta sai da ta mutu.

Ƙungiyar masu sharhin finafinai ta Los Angeles ta zaɓi Kim Hye-ja gwarzuwar jaruma ta 2010. Koriya ta tura fim ɗin gasar Oscar, amma bai shiga jerin ƙarshe ba. Tsawonsa ya ɗan haura sa'o'i biyu, kuma akwai jini da wuraren baɗala a ciki, don haka ba na kallo da yara ba ne.