Rumbun Ruwa a Kan Duwatsu

A ƙasar Mai'aduwa, idan damina ta wuce, ƙoramu sukan ƙafe, ba a ganin kome cikinsu sai rairayi. Masunta sai su nufi madatsar Sabke, inda aka tare ruwan damina. Amma akwai ƙasashen da kogunansu ke cika lokacin zafi, ko ba a yi ruwan sama ba. Ga dalili.

A yammacin Amurka akwai waɗansu manyan duwatsu masu tsawo ƙwarai. Da hunturu, maimakon ruwa, dusar ƙanƙara ce ke zuba a kansu, fara fat kamar auduga. Takan taru wata da watanni ba ta narke ba, saboda tsananin sanyi. Watau dutse ya zama rumbu, ƙanƙara kuwa ita ce hatsin da ke ciki. In zafi ya zo, sai ta riƙa narkewa kaɗan kaɗan, tana gangarawa cikin koguna. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kogin Kolambiya.

Akwai wani kifi, ana kiransa samon, wanda kan baro teku ya hau wannan kogi don ya yi ƙwai. Ba ya jure ruwa mai ɗumi. A shekarar 2015 ƙanƙarar da ta taru ba ta da yawa, ta kuma narke da wuri. Koguna suka janye, ruwansu ya yi ɗumi, kifaye dubbai suka mutu a hanya, har hukuma ta hana su a waɗansu wurare. Shi ya sa kowace shekara ma'aikata ke auna ƙanƙarar duwatsun, don a san ruwan da za a samu.

Kogin Kwara shi ma daga duwatsu ya faro, can ƙasar Gini, sai dai nasa ruwan sama ne. Ruwan yakan malale cikin fadamun ƙasar Mali, kifi ya hayayyafa a ciki, sa'an nan ya iso Yamai da Yawuri cikin hunturu. Da aka yi shekaru ana fari, kifi ya ragu, har a watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai.

Ashe abincin masunci daga kan dutse yake farawa, dutsen da watakila bai taɓa gani ba.